Darasi: Taimakon 'Yan Mazan Jiya, Hannun Wa Za a Damƙa Kuɗin?

Kowace shekara, da zarar hunturu ya kankama, rediyo kan ɗauki maganar 'yan mazan jiya. Shugaban Ƙasa ya ƙaddamar da bajon tunawa da su a Abuja, gwamna ya ƙaddamar da nasa a Birnin Kebbi, a yi addu'o'i a masallatan Juma'a da majami'u. Ranar 15 ga Janairu kuma a yi fareti, a ajiye furanni, a saki tantabaru. Da can ranar 11 ga Nuwamba ake wannan biki, ranar da aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Farko a 1918. Daga baya Nijeriya ta mayar da shi 15 ga Janairu, domin a ranar ce ta 1970 Biyafara ta miƙa wuya, yaƙin basasa ya ƙare.

A cikin waɗannan makonni ne aka fi ganin masu neman gudummawa da sunan tsofaffin sojoji da matan waɗanda suka rasu. Wani da gwangwani a tashar mota, wani da ambulan a ofis, wani kuwa lambar asusu kawai zai turo ta waya. Akwai na gaskiya a cikinsu, akwai kuma waɗanda kasuwarsu ce ta buɗe. Wannan darasi zai nuna maku yadda ake bin sawun kuɗi, tun daga aljihun mai bayarwa har zuwa ƙofar gidan wanda aka karɓa da sunansa.

Su wane ne ake nufi?

Kashi-kashi ne. Na farko su ne sojojin zamanin Turawa, waɗanda aka kai Habasha a 1940 da 1941, sannan aka kwashe su a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma zuwa Bama don yaƙar Japan, har zuwa 1945. Sunayen barikokinmu irin su Arakan da Myohaung a Legas da Chindit a Zariya duk daga wancan yaƙi aka samo su. Waɗannan dattawa kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Sai na yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, lokacin da sojan ƙasar nan ya tashi daga kimanin mutum 10,000 ya kai wajen 250,000, aka kuma sallami da yawa daga cikinsu bayan ƙura ta lafa. Sai waɗanda suka je Laberiya daga 1990, da Saliyo bayan nan, ƙarƙashin ECOMOG. Na ƙarshe su ne na yanzu: waɗanda suka yi Barno da Yobe, da waɗanda ke fama da 'yan bindiga a dazukan da ke kewaye da mu.

Ku riƙe waɗannan shekaru, suna da amfani. Yaron da ya shiga yaƙin basasa yana ɗan shekara 18 a 1967, an haife shi a 1949, yau ya haura 75. Idan magidanci mai ƙarfi a jika, wanda bai wuce hamsin ba, ya ce maku shi ma ya yi Biyafara, lissafi kaɗai ya isa amsa.

Mu mutanen ƙasar Yauri ba baƙi ba ne ga maganar soja. Maƙwabtanmu na Zuru sun yi suna da aikin tun zamanin Turawa, daga can Janar Ishaya Bamaiyi ya fito, wanda ya shugabanci sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Akwai bariki a Zuru, akwai na Dukku a Birnin Kebbi, ga sansanin sojan sama a Kainji. Tun kuma daga ranar 17 ga Yuni 2021, da 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai, babu mai buƙatar a yi masa bayanin darajar wanda ke kwana a daji don wasu su yi barci. Wannan tausayi da wannan godiya su ne jarin mai damfara. Ya san ba za ku so a ce kun hana marayan soja ba.

Akwai kuma 'yan sa-kai. A watan Maris 2022 an kashe fiye da 60 daga cikinsu a kwanton ɓauna a yankin Sakaba. Su ba sojoji ba ne, ba su da fansho, iyalansu ba sa cikin rajistar kowace bariki, sau da yawa ma sun fi iyalan soja shiga wani hali. Taimakonsu abu ne mai kyau ƙwarai. Amma mai karɓar kuɗi ya faɗa a fili don wa yake karɓa. Wanda ya ce na sojoji ne da safe, da yamma ya ce na 'yan sa-kai, gobe na 'yan gudun hijira, bai ba ku abin da za ku bincika ba.

Haƙƙi daban, sadaka daban

Tsohon soja yana da haƙƙi a kan gwamnati: garatuti da fansho, waɗanda Hukumar Fanshon Sojoji da ke Abuja ke biya. Iyalan wanda ya rasu a bakin aiki su ma suna da nasu, kamar kuɗin inshorar rai da tallafin karatun 'ya'ya, kuma ta hannun magajin da sojan ya rubuta a takardunsa ake bi. Ba kullum haƙƙin ke zuwa a kan kari ba. An sha ganin tsofaffin sojoji sun yi zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman a biya su. Kuɗin fansho kuma ba su tsira daga ɓarayin biro ba: a Nuwamba 2021 kotu ta ɗaure Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora wa gyaran harkar fanshon ma'aikata, shekara takwas saboda halatta kuɗin haram.

Abin lura a nan shi ne, gudummawar da kuke bayarwa ƙari ce, ba ta maye gurbin haƙƙi. Babu kuma ƙungiyar sa-kai da ke biyan fansho. Duk wanda ya zo wa matar marigayi ya ce, "Inna, kawo dubu goma kuɗin fom, mu za mu fito maki da kuɗin maigida," to ku ja mata kunne. Kada ta ba kowa asalin takardar sallama, ko takardar shaidar rasuwa, ko katin banki. Kwafi ake bayarwa, shi ma a ofishin da aka sani.

Labari daga Amurka

Kada ku ɗauka mu kaɗai ake yi wa wannan. A Amurka, ƙasar da ake taƙama da rajista da kwamfuta, wani mutum mai kiran kansa Bobby Thompson ya kafa ƙungiyar da ya ce ta tsofaffin sojojin ruwa ce, mai suna U.S. Navy Veterans Association. Yana da rajistar hukumar haraji. Yana da hotuna da manyan 'yan siyasa, har da Shugaba George W. Bush. Takardunsa sun nuna rassa a jihohi da yawa da shugabanni fiye da 80. A cikin shekaru kamar takwas ya tara kusan dala miliyan 100.

A 2010 'yan jarida a jihar Florida suka yi abin da ba wanda ya yi kafin su: suka ɗauki sunayen shugabannin nan suka shiga nemansu ɗaya bayan ɗaya. Ba su sami kowa ba sai shi kaɗai. Adireshin ofisoshin kuwa akwatunan wasiƙa ne na haya. Sunan ma ba nasa ba ne, na wani ya sata. Sunansa na gaskiya John Donald Cody, kuma lauya ne. Ya gudu, aka kama shi a 2012, a 2013 kotu a jihar Ohio ta yanke masa shekara 28.

A 2018 hukumar kare masu saye ta Amurka da jihohin ƙasar suka sanar da matakai fiye da 100 a kan ƙungiyoyin bogi na tsofaffin sojoji. Ɗaya daga ciki, Help the Vets, ta karɓi sama da dala miliyan 20 tsakanin 2014 da 2017, kashi 95 cikin 100 ya tafi wajen masu kiran waya don neman gudummawa da hidimar ofis da albashin mai ƙungiyar.

Ku dubi abin da ya tona asirin Bobby Thompson. Takarda yana da ita, hoto da manya yana da shi. Ƙwanƙwasa ƙofa ce ta kayar da shi. Wannan kuwa abu ne da mutumin Wara ko Shanga ya fi mutumin Amurka iyawa, domin a nan kowa ya san gidan kowa.

Takarda da asusu

Duk da haka da takarda ake farawa. Babbar ƙungiyar tsofaffin sojoji a ƙasar nan ita ce Nigerian Legion, wadda doka ta kafa a 1964. Tana da alaƙa da Ma'aikatar Tsaro, tana da rassa a jihohi, gwamnoni ne iyayenta a jihohinsu, kuma da ita ake sayar da bajon watan Janairu. Akwai ƙungiyoyin matan bariki, kamar NAOWA ta matan hafsoshin sojan ƙasa. Kasancewar ƙungiya babba ko ta hukuma bai ɗauke mata tambaya ba, kuma babban suna shi ɓarawo ya fi son ara. Idan mutum ya ce daga Legion yake, ku tambayi sunan shugaban reshen ƙaramar hukumar, ku nemi shugaban da kanku ku ji ko ya san da zuwan wannan mutum. Kaki da hula ba shaida ba ne. Kowane tela na iya ɗinka su, ko da yake saka kayan soja don yaudarar jama'a laifi ne a doka.

Sauran ƙungiyoyi masu zaman kansu a hukumar CAC suke rajista, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Sai sun ba da sunayen amintattunsu, an buga a jarida, an jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, kafin a ba su satifiket mai lamba. Doka ta kuma ce su riƙa kai rahoto kowace shekara. Duk mai babbar waya zai iya shiga shafin hukumar ya rubuta sunan ƙungiya, ya ga ko tana nan, ya ga kuma ko an rubuta tana aiki ko ta kwanta. Wanda bai iya ba ya sa ɗansa ko malamin ajin nan ya duba masa. Ku lura da harafi ɗaya-ɗaya, don masu damfara kan ɗauki sunan da aka sani su sauya kalma guda. Banki kuma ba ya buɗe wa irin wannan ƙungiya asusu sai ta kawo shaidar sashen SCUML na hukumar EFCC.

Wannan ya kawo mu ga gwajin da ya fi kowanne sauƙi. Lambar asusun banki a Nijeriya lamba goma ce, kuma kafin kuɗi su tafi, sunan mai asusun yakan fito a waya ko a na'urar mai POS. Ku tsaya ku karanta. Idan an ce ƙungiya ce amma sunan mutum ɗaya ya fito, ku dakata. Za a ce maku, "Ai asusun ma'aji ne, na ƙungiya yana da matsala." Amsar ita ce, "To Allah ya sa a gyara, in an gyara sai mu tura." Asusun ƙungiya na kirki mutum biyu ko uku ne ke sa masa hannu, don kada wani ya wayi gari shi kaɗai ya kwashe. Idan kuwa hannu da hannu kuka bayar, ku karɓi rasiɗi mai lamba da hatimi da sa hannu, ku ga an bar kwafinsa a littafi.

A nan sai a yi adalci. Tsofaffin sojoji goma sha biyu na gari ɗaya da ke haɗa kuɗi don jinyar ɗan'uwansu ba lallai su iya kuɗin lauya da na jarida ba. Wataƙila rajistar sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma kaɗai gare su, wataƙila ma ba su da ita. Rashin satifiket bai mai da su ɓarayi ba, kamar yadda satifiket bai mai da mutumin Amurkan nan mai gaskiya ba. Irin waɗannan da littafin ma'ajinsu da shaidar mutanen gari ake auna su.

Zuwa ƙofar gida

Mai sayen kwandon banda a kasuwar Yelwa ba ya yarda da manyan kifayen da aka jera a sama, sai ya sa hannu ya ɗago na ƙasa. Hotunan rabon kaya da jawabin shugaba su ne na saman. Na ƙasan tambaya uku ce: wa kuka taimaka bara, a wane gari, me kuka ba shi?

Ƙungiyar da ke aiki ba ta jin haushin wannan tambaya, murna ma take yi, don ta sami inda za ta nuna aikinta. Nan take sakatare zai buɗe littafi: gida kaza a Birnin Yauri mun biya kuɗin makarantar yara biyu, wani dattijo a Shanga mun kai shi asibiti an yi masa aikin ido, wata baiwar Allah a Yelwa mun saya mata injin markaɗe. Wadda ba ta aiki kuwa da manyan kalmomi take amsawa: "Mun taimaki dubban zawarawa a faɗin Arewa." Faɗin Arewa ba shi da ƙofar da za a yi sallama.

In an ba ku suna da gari, saura tabbatarwa, kuma ba sai kun yi doguwar tafiya ba. Mai unguwa ya san gidajen da aka kawo wa gawar soja ko saƙon rasuwarsa. Liman ya sani, fasto ya sani. Idan an ce an kai buhuna wani ƙauye a tsallaken ruwa ko a cikin gungu, ku tambayi masu jirgi a bakin ruwa, domin buhu ba ya tsallake tafkin Kainji ba da saninsu ba. Ku ƙara kula idan kullum aikin ƙungiya a inda ba a iya zuwa yake: ƙauyen da 'yan bindiga suka tare hanyarsa, ko wata jiha mai nisa. Yana yiwuwa gaskiya ne. Amma wanda ke karɓar kuɗi a Yelwa ya kamata ya nuna ko gida ɗaya da ɗan acaɓa zai iya kai ku.

Mafi kyawun mashaidi a wannan harka shi ne tsohon soja na garinku. Ku haɗa shi da mai neman gudummawar, ku koma gefe ku saurara. Zai tambaye shi lambarsa ta aiki, shekarar da ya fita daga Depo na Zariya, bataliyar da ya zauna, wane ne kwamandansu a lokacin. Soja ba ya manta lambarsa ko da ya manta shekarunsa. Kafin shayi ya huce dattijon zai ce maku, "Wannan namu ne," ko kuma ya yi shiru ya kaɗa kai.

Za a iya cewa, kuma da gaskiya, matar da mijinta ya rasu tana da mutunci, bai dace a riƙa yawo da sunanta ba. Haka ne. Ni ma ban ga alheri a jera zawarawa cikin rana, a ɗora wa kowacce ƙullin shinkafa a ka, a ɗauki hoto a watsa a Facebook ba. Wanda ya yi haka ya karɓi wani abu a wurinsu wanda ya fi shinkafar tsada. Amma sirri tsakanin mai karɓa da duniya daban, ɓoye littafi ga masu bayarwa daban. Mafita ita ce ku wakilta mutum ɗaya amintacce, mace ta fi dacewa, ta shiga gidan ta gaisa, ta ce, "Yaya, an ce an kawo maku taimako bara, ya iso kuwa?" Ta dawo ta ce ya isa ko bai isa ba, magana ta ƙare a nan.

Lissafin naira ɗari

Yanzu mu ɗauki alli. Misali ne kawai, ba labarin wata ƙungiya ba. A ce ƙungiyoyi biyu kowacce ta tara naira 1,000,000.

Ta farko ta kashe 150,000 a man babur da kuɗin jirgi da katin waya da buga rasiɗi da ladan akawu. Saura 850,000, ta raba wa gida 34, kowane gida 25,000. A kowace naira 100 da kuka bayar, 85 ta isa.

Ta biyu ta shirya gagarumin taro. Rumfa da kujeru da lasifika da mai ɗaukar hoto da abincin manyan baƙi sun ci 620,000. Alawus ɗin 'yan kwamiti 230,000. Saura 150,000, aka kira mata 30 aka ba kowacce 5,000, wasu ma kuɗin motar zuwa ya cinye rabi. A kowace naira 100, 15 ce ta isa. Ba wanda ya saci ko kwabo a ma'anar da kotu ta sani, kowane kashe kuɗi yana da rasiɗinsa, taron ya fito a rediyo. Duk da haka marayu sunansu kawai aka ara.

Kada wannan ya sa ku ƙi duk ƙungiyar da ke da hidima. Babur ba ya tafiya da ruwa, kuma akawun da ke riƙe littafi da kyau ya cancanci ladansa. Wadda ma ta ce ba ta taɓa kashe ko sisi a hidima ba, ku tambaye ta wa ke zuba man. In wani bawan Allah ne ya ɗauki nauyi, a faɗi. In ba amsa, akwai abin da ba a rubuta ba.

Ku duba kuma irin taimakon. Buhun shinkafa na wata ɗaya ne. Kuɗin mota da ɗan rakiya da za su kai dattijo wurin tantance 'yan fansho na iya dawo masa da kuɗin kowane wata har ƙarshen ransa. Mai ilimin da zai zauna da matar marigayi ya haɗa mata takardunta, ya rubuta mata wasiƙa zuwa rundunar da mijinta ya yi aiki, ya yi mata abin da ya fi atamfa. Akwai kuma ciwon da ba a gani: sojan da ya dawo daga daji ba ya barci, ƙarar salansar babur na firgita shi, ya faɗa shaye-shaye, gida ya gagara. Ƙungiyar da ta san da irin waɗannan, take kai su wurin likita, ta san mutanen da take magana da sunansu.

Gaggawa da kunya

Mai damfara ba ya son gobe. Zai turo hoton soja kwance cikin jini ta WhatsApp, ya ce in ba a haɗa kuɗi kafin magariba ba za a yanke ƙafa. Hoton na iya zama na wata ƙasa ko na shekara goma da suka wuce, kuma sojan da ke bakin aiki asibitin soja ke jinyarsa. Ko ya tare ku cikin mutane ya ɗaga murya: "Alhaji, kamar kai a ce ba ka taimaki waɗanda suka mutu dominka ba?" Ba dole ku yi musu ba. Ku ce, "Madalla da wannan aiki, bar mini lambarka da sunan ƙungiyar, zan neme ka." Mai gaskiya zai bari, jibi ma yana nan. Kuma ba a buƙatar lambar sirrin katinku ko BVN ko lambar da banki ya turo ta saƙo kafin a karɓi sadakarku. Duk wanda ya nemi waɗannan, asusunku yake so.

Wasu kan ce tun da don Allah aka bayar, lada ya samu ko da mai karɓa ya ci amana. Niyya tana da matsayinta, amma marayan da aka karɓa da sunansa ya kwana da yunwa, ɓarawon kuma ya sami ƙarfin zuwa gari na gaba. Bincikar mai karɓar dukiyar jama'a ba mugun zato ba ne. Ya zo a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓo zakka, da ya dawo ya yi masa lissafi, ya kuma tsawatar a kan abin da mutumin ya ware ya ce kyauta aka ba shi. Game da zakka kuwa, ku sani zama tsohon soja shi kaɗai bai sa mutum cikin masu cin ta ba; talauci ko bashi ko makamancinsu ne ke sa shi. Kafin ku ba ƙungiya zakka, ku tambayi malami, ku kuma tabbatar ba za ta tafi hayar rumfa ba.

Ba dole ne kuma sai ta hannun ƙungiya ba. Idan a unguwarku akwai tsohon kofur da idonsa ya mutu, ko marayun soja da aka koro daga makaranta, kun riga kun san ƙofar. Ku biya kuɗin makarantar a hannun hedimasta ku karɓi rasiɗi, ku sayi maganin ku kai. Ƙungiya tana da amfani ne a inda hannun mutum ɗaya ba ya kaiwa: aikin tiyata, ƙafar roba, bin haƙƙi har Abuja.

Idan kun gane an damfare ku ta asusu, ku je bankinku a ranar, da shaidar turawar, don wani lokaci akan iya tsare kuɗin kafin a cire. Ku kai ƙara ofishin 'yan sanda, ku sanar da mai unguwa ko hakimi don a faɗakar da jama'a. Idan kuɗin da yawa ne, EFCC tana da ofishi a Sakkwato. Wanda ya yi sojan gona da kaki, reshen Legion da bariki mafi kusa za su so su ji labarinsa. Kada a tara masa jama'a, kada a taɓa shi. A miƙa shi ga hukuma.

Aikin aji

Ku kasu gida uku. Kashi na farko su lissafa wannan a allo: wata ƙungiya ta tara naira 400,000, ta kashe 60,000 a zirga-zirga da 40,000 a buga takardu, ta raba sauran daidai wa daida ga gida 20. Nawa kowane gida ya samu, kuma naira nawa ce ta isa a cikin kowace 100?

Kashi na biyu su yi ɗan wasan kwaikwayo. Mutum ɗaya ya zo da ambulan neman gudummawa, sauran su yi masa tambayoyi cikin ladabi, ba zagi ba zargi. Ajin ya faɗi tambayar da ta fi ba shi wuya, da dalili.

Kashi na uku, kafin zama na gaba, su ziyarci wani tsohon soja ko iyalan marigayi a garinsu, bayan sun nemi izini. Su tambayi shekarar da ya shiga da wadda ya bar aiki, ko fansho na zuwa, ko wata ƙungiya ta taɓa kawo taimako, da abin da gidan ya fi buƙata yanzu. Su rubuto amsoshin cikin layi goma ba tare da sunan kowa ba, a karanta a aji, sannan a kwatanta abin da gidajen suka ce suna buƙata da abin da aka saba rabawa a watan Janairu.